Kashi na 14: Wa ya ba ka labarin yadda gidanku ya karɓi bishara?

Yau da wata tambaya zan fara, wadda aka yi wa ɗan yayana a makaranta: "Kai Bahaushe ne, ya aka yi ka zama Kirista?" Yaro ɗan shekara 11 ya dawo gida ya tambayi babansa. Amsar da ya samu ita ce, "Haka muka taso." Shi ke nan fa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma da digirina ban da amsar da ta wuce wannan. Mun haddace ayoyi a Sande Sukul, mun yi fareti a Boys' Brigade, amma labarin gidanmu babu wanda ya zaunar da mu ya ba mu.

Sai na hau mashin na tafi ƙauyenmu, can bayan Hunkuyi a ƙaramar hukumar Kudan, na kunna rikoda a waya na ce, "Kaka, ya aka yi?" Da farko dariya ta yi, wai me zan yi da zancen tsofaffi. Daga baya ta buɗe baki. A gidan Maguzawa aka haife ta. Ta binne 'ya'ya uku a jere, an yanka kaji har ta gaji da ƙirga. Wani mai bishara da ke zuwa a kan keke ya fara koya musu karatu a gindin tsamiya, ita kuma karatun ne ya ja ta, ba wa'azin ba. Ranar da aka yi mata baftisma surukarta ta daina cin tuwonta, har shekara biyu. Abin da ya fi taɓa ni, ta ce bayan ta ba da gaskiya ma wani ɗan ya sake rasuwa, ta yi watanni ba ta taka ƙofar majami'a ba. Babana yana zaune a wurin. Bai taɓa jin wannan ba, yana da shekara 58.

Irin wannan shaidar ce yara ke bukata, ba wadda aka wanke aka goge ba, ta "na karɓi Yesu, komai ya yi daidai". Yaron da bai taɓa jin cewa kakarsa ta yi fushi da Allah ta kuma dawo ba, ranar da tasa jarabawar ta zo zai ɗauka a kansa aka fara.

Kuma yankinmu yana da tarihi. Wajen 1913 wasu daga cikin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, suka je wurin Dakta Miller a Zariya, aka kafa musu zama a Gimi. Ciwon barci ya cinye garin, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Yara nawa a Makarfi ko Ikara suka san wannan?

Abu ɗaya zan roƙi iyaye: in za ku ba da labarin, kada ku zagi dangi. Ƙanen kakata musulmi ne, shi ya riƙa kai mata dawa lokacin da gidan miji suka juya mata baya. Ta ce lallai in saka wannan a ciki.

Hirar minti 47 ce, na tura a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp. Ɗan yayan nawa ya saurara sau biyu, yanzu ya matsa sai an kai shi ya ga tsamiyar. Babansa ya ce sai an gama yankan rake.

Wanda ke da kaka a raye, ya duba cajin wayarsa. Sai mako mai zuwa.