Baƙin cikin rashi har a jinin tsofaffinmu yake nunawa



Sau nawa muka ji dattijo ya rasu, ba a rufa wata uku ba mai ɗakinsa ta bi shi? Sai mu ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma fa likitoci sun auna jinin waɗanda aka yi wa rasuwa, kuma abin da suka gani ya shafe mu.

Akwai wani sinadari da ake kira kotisol, jiki ne ke sakin sa idan hankali ya tashi. Idan ya daɗe a sama, garkuwar jiki sai ta yi rauni. A 2014 masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka gwada matasa da tsofaffin da suka yi rashi. Fararen ƙwayoyin jinin matasan masu yaƙar cuta suna aikinsu lafiya lau, na tsofaffin kuwa sun yi sanyi. Dalili? Sinadarin DHEAS da ke taka wa kotisol birki yana raguwa ne da shekaru.

Sai zuciya. Wani bincike a Amurka a 2012, kan mutum kusan 2,000 da suka yi bugun zuciya, ya nuna haɗarin yana ninkawa sau 21 a ranar farko ta rashin makusanci.

To ku lura, babu gwajin jinin da zai ce wa likita wannan ciwon damuwa ne. Sai an zauna da mutum. Nan ne aikinmu yake.

Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, Hajiya ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, sau da yawa ita kaɗai a ɗaki. Ka leƙa ta. Tana cin abinci? Tana barci? Maganin hawan jini ko na suga, tana sha kuwa? In ta ce ƙirjinta na ciwo, asibiti nan take, ba gobe ba.

In an haura wata shida Baba ko Hajiya ba su dawo harkokinsu ba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa irin wannan doguwar jimami cikin cututtuka. Ba rashin tawakkali ba ne, a ga likita.

"A yi haƙuri" kaɗai ba ya isa, wallahi. Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai shiri na gaba.