Gungume, Gawayi da Gawo: Najeriya da Nijar a Ma'auni
Lacca ga taron manoma, malamai da 'yan katako na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

   

An nemi in kwatanta yadda maƙwabtan ƙasashe biyu ke fitar da gungume zuwa waje. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne Amurka da Kanada, waɗanda tun 1982 suke taƙaddama kan katakon itace mai taushi irin su fayin. Mu fayin ɗinmu bai taka kara ya karya ba, sai ɗan abin da gwamnati ta dasa a Afaka kusa da Kaduna da kan tudun Jos. Don haka Najeriya da Nijar zan ɗora a ma'auni.

Najeriya ta haramta fitar da ɗanyen gungume tun 1976. A takarda ke nan. Da kasuwar Sin ta buɗe wa madobiya, sai ga masu injin zarto sun dira dazukan Taraba da Adamawa, kwantena na bin kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. A 2017 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta tsaurara sharuɗɗan cinikin wannan itace, a 2018 kuma aka dakatar da Najeriya daga fitar da shi. Kuɗin sun tafi aljihun dillalai, ƙauyawa suka tashi da kututture.

Nijar kuwa sayen katako take yi, wani ma ta Jibiya yake bi zuwa Maraɗi. Duk da haka, ku je gonakin Maraɗi ku gani da idonku. Tun wajen 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Manomi zai tsaya kan kututturen da ya yi tofo, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su duk shekara. Ba dashe, ba ban ruwa, domin saiwar na nan da ranta a ƙasa. Gawo ne ya fi cin moriyar wannan, kuma kun san halinsa: da damina yake kakkaɓe ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fili ya kai hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta haka a Nijar. A ganina, abin da ya ɗore da aikin shi ne manomi ya tabbatar itacen nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara ba, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa masa wannan haƙƙi.

Mu fa? Kirya da marke suna ƙarewa cikin buhunan gawayin da ake jerawa bakin titi. Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma ba wanda ya manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disamban 2020. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ya hana motoci ɗauko itace daga daji. Matakin tsaro ne, na kuma fahimci dalilinsa, amma hani kaɗai bai taɓa tsirar da itace ba. Dajin Kogo ma, da aka sanya cikin sababbin gandun daji na ƙasa a 2020, sai mutanen da ke kewaye da shi sun ga amfaninsa kafin su kare shi.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai, roƙona gare ku da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku shi ne a rubuta, a kuma yi shela a kasuwanni da masallatai, cewa duk itacen da manomi ya raina a gonarsa mallakarsa ne. Ku kuma manoma, in sharar gona ta zo bana, ku bar tofon gawo da ɗorawa da kaɗanya ya tashi.