Baƙin Man Babur a Ƙasar Bagudo

Duk wanda ya san hanyoyin ƙasar Bagudo, tun daga Kaoje da Illo har Tsamiya inda ake ƙetarawa Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya san cewa babur ne alfadarin wannan zamani, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, sai 'yan kabu-kabu da dama suka koma tsimi a wajen baƙin mai, alhali nan ne tsimi ya fi cutarwa.

Dalili kuwa shi ne, injin babur irin Bajaj Boxer iska ce kaɗai ke sanyaya shi, sa'an nan mai guda ne ke wa inji da giya da kuloci hidima. Saboda haka man sintetik, wanda aka harhaɗa da hikimar masana sinadarai, ya fi jure zafin bazara, ya fi jinkirin lalacewa, ko da yake kuɗinsa da nauyi. Wanda bai da hali, akwai matsakaici, gaurayen sintetik da na gargajiya, kuma ya wadatar.

Sharaɗi dai, a duba jikin roba a ga alamar JASO MA, ƙa'idar da Japanawa suka shimfiɗa domin babura, gama yawancin man mota na sa kuloci santsi. A tabbata hatimin murfi bai karye ba, domin algus ya yawaita a man da ake aunawa cikin kwalabe. 'Yan ƙungiyar kabu-kabu kuwa su haɗa kuɗi su sari katan wurin amintaccen dila a Birnin Kebbi, su raba a tasha.