Kififiya da Makomar Ruwan Yammacin Zamfara

Kififiya 'yar'uwar kunkuru ce, sai dai ita a ruwa take rayuwa, kuma bayanta ba ƙoƙo ne mai tauri ba, fata ce mai santsi ta lulluɓe shi. Irin da aka fi sani a gulaben ƙasar Hausa shi ne wanda masana ke kira Cyclanorbis senegalensis. Tana da ɗan dogon hanci da take leƙo da shi ta shaƙi iska jikinta na nitse, da wasu marufai biyu a ciki masu rufe ƙafafun baya idan ta ji motsi. Abincinta kifi ne da kwaɗi da dodon koɗi. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, sai ta nutse cikin laka ta yi lamo har saukar damina.

Wannan ɗabi'a ta dace da Gulbin Zamfara, wanda ke cika ya malala fadamun Gummi da damina, ya koma gurabu da rani, haka ma ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun ƙasar Anka da Bukkuyum. To amma ita ce kuma ke bashe ta. Mai neman nama ya san inda take kwance, da sanda yake caccakar laka har ya ji ta. Mamari da taru su ma ba sa zaɓe.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kififiya cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Babbar yayarta, Cyclanorbis elegans, wadda a da ake samu a Najeriya, ta kai gargara, sai a 2017 aka sake gano ta a Sudan ta Kudu. A 2016, taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, CITES, da aka yi a Johannesburg ya sa cinikinsu tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini. Sai dai takardar izini ba ta san hanyar fadama ba.

Babbar matsalar yammacin Zamfara tana cikin lakar kanta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, sanadin niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Kafin yara su fara suma, agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula, alhali ruwa ba ya tsami banza. Inda ake wanke garin dutse a tabki ko ƙorama, dalma da zaiba na kwantawa a ƙasa, ba sa ruɓewa. Dabbar da ke kwana watanni cikin wannan laka, tana cin abin da ke cikinta, kuma ta daɗe a duniya, tara guba take yi. Wanda ya ci namanta ya gada.

Gyaran bai buƙaci sabuwar hukuma ba. Masunta suna da Sarkin Ruwa, kuma sun gaji al'adar hana su a gurbi sai ranar da aka sa. Abin da ake nema a masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum shi ne su faɗaɗa wannan doka: a daina tonon kififiya da rani, a bar ƙwanta a gaɓa, wadda ta faɗa taru a mayar da ita, a kuma ware wa masu wankin zinare ramuka nesa da ruwan da jama'a da dabbobi ke sha.