Mata Matuƙan Jiragen Soja: Ina Namu?



An umarce ni da in yi bayani a kan matan da suka fara tuƙa jiragen soja. Zan taƙaita, don rana ta yi.

Mace ta farko da ta zama matuƙiya a rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya ita ce Blessing Liman, 'yar kudancin Jihar Kaduna, wadda aka maƙala wa bajen tuƙi a 2012. A ranar 15 ga Oktoba, 2019, Hafsan Mayaƙan Sama na lokacin, Sadique Abubakar, ya maƙala wa wasu mata biyu nasu: Kafayat Sanni, ta farko a jirgin yaƙi, da Tolulope Arotile, ta farko a jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Arotile ta yi sakandaren mayaƙan sama ta Kaduna, ta karanta lissafi a makarantar hafsoshi ta NDA, ta kuma yi aikin fatattakar 'yan bindiga a Jihar Neja, kafin ta rasu a haɗarin mota a Yuli 2020 tana da shekara 24. A maƙwabciyarmu Nijar ma, Ouma Laouali ta zama matuƙiyar soja ta farko a 2015.

To, jama'a, ina namu? NDA ta fara ɗaukar mata cikin kwas ɗin hafsoshin yaƙi tun 2011, amma ba a shiga sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, sannan a ci jarrabawar JAMB. Ke nan hanyar jirgin nan daga aji ɗaya na sakandare ta faro. Mu kuwa a Anka da Gummi da Bukkuyum, yarinya nawa ke kaiwa aji shida? Tun da aka sace ɗalibai mata a Jangebe a 2021, iyaye da yawa suka ji tsoron makarantar kwana. Ban ga laifinsu ba. Amma jirgin da muke ɗaga kai muna jira duk lokacin da ɓarayin daji suka shigo gari, ɗan wani ko 'yar wani ce ke tuƙa shi, kuma da karatu ta kai can.

Na san wasu za su ce aikin soja bai dace da ɗiya mace ba. Wannan shawara ce ta iyaye, ba mai tilasta musu. Sai dai lissafi da kimiyyar da ke kai yarinya jirgi, su ne ke kai ta aikin likita da unguwarzoma, waɗanda asibitocinmu ke kukan rashinsu.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara biyu: mu riƙa biya wa 'yan mata masu ƙwazo kuɗin NECO da JAMB kowace shekara, mu kuma ɗauki nauyin malamin lissafi ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan. Malamanmu da ke zaune nan sun yi mana, saura mu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.