Karatun yara a lokacin babban hutu

  

Maganar yau a kan ƴan lakkwal ce, da abin da yake samun karatunsu in an rufe makaranta.

A Nijar ana rufe makarantu wajen ƙarshen watan Yuni, a koma farkon Oktoba. Wata uku ke nan. Shi ne babban hutu, wanda ƴan lakkwal suke ce ma bakansi. Amma a ƙauye hutun ya fi wata uku, kuma kowa ya san dalili. Azuzuwa da yawa na zana ne da kara. In ruwan farko ya sauka da iska, ajin ya tashi aiki. Ba a sake kafa shi sai an yi girbi, kara ya samu. Saboda haka akwai garuruwan da yaro yake barin karatu tun Yuni bai ƙare ba, kuma ba ya zama aji sosai sai Nuwamba. Wata huɗu ko biyar bai riƙe alli ba.

Wanda ya taɓa zama ajin manya ya san abin nan a jikinsa. Da rani ana koyo, hannu ya saba, ido ya saba. Ruwa ya zo, kowa ya tafi gona. Da aka dawo, sai hannu ya yi nauyi, "b" da "d" su riƙa musanya wuri, sunan mutum ma sai ya yi tunani kafin ya rubuta. To, in haka ta samu dattijo mai karatu da harshen da ya sha a nono, ina ga yaro ɗan shekara takwas mai karatu da Faransanci? A gida ba ya jin Faransanci. A gona ba ya ji. A bakin rijiya ba ya ji. Harshen yana kwana a cikin aji, ranar da aka rufe aji an rufe da shi.

Ba a nan kaɗai ake wannan mantuwa ba. A Amurka, a shekarar 1996, masana sun tara binciken da aka yi a kan dogon hutu. Sun ga yaro yakan dawo ya rasa kamar karatun wata ɗaya, kuma lissafi ya fi zubewa. Can akwai littattafai a gidaje da yawa. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa, gida nawa ne yake da littafin da yaro zai buɗa?

Akwai kuma abin da ya fi mantuwa ciwo. Yara da yawa tun asali ba su iya ba. Wani bincike da ake kira PASEC ya gwada yaran ajin ƙarshe na firamare, wato CM2, a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A 2014, a Nijar, waɗanda suke karatu suna ganewa yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. An gode Allah, amma saura bakwai. Shekara shida uba ya haƙura da hannun ɗansa a gona, uwa ta haƙura da hannun ɗiyarta a gida, sannan yaron ya fito bai iya karanta takardar asibiti ba. Wannan hasara ce babba, kuma ta gidan ce kafin ta zama ta gwamnati.

Karatun hutu na birni

A Yamai da manyan garuruwa an daɗe ana yin karatun hutu. Malamai, ko ɗaliban jami'a, sukan buɗe aji a watan Agusta da Satumba, iyaye su biya. Abu ne mai kyau, yana hana yara yawo. Sai dai sau da yawa abin da ake yi shi ne a ɗauko littafin ajin da yaro zai shiga, a fara masa tun da wuri. Wannan yana taimakon yaron da ya riga ya iya. Wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba kuwa, an ƙara masa kaya ne kawai. Zai cika kaye da kwafin abin da ke kan allo, uba ya duba ya ga rubutu tsaf, ya yi murna. A ce ma yaron ya karanta abin da hannunsa ya rubuta, sai ya sunkuyar da kai.

Ba a aza jinka a kan ginin da bai bushe ba. Karatun hutu mai amfani yana farawa ne daga inda yaro ya tsaya, ba daga inda sunan ajinsa ya ce ya kai ba.

An gwada wannan a Indiya, ƙasa mai ƙauyuka da manoma da yawa. Wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da dabarar raba yara bisa abin da suka iya. A jihar Bihar, a 2008, an yi karatun hutu na wata ɗaya da malaman gwamnati, ta wannan hanya, kuma yaran sun ƙaru a karatu. Abin mamaki, malaman nan da aka koma makaranta sun koma bin littafin aji shafi-shafi, sai ƙaruwar ta tsaya. A wata jihar, Uttar Pradesh, an yi irin wannan karatu na kwana 50, a rarrabe, da taimakon ƴan sa kai na ƙauye. Yawan yaran da suke iya karanta ɗan labari ya ninka biyu. Ba sabon gini aka yi ba, ba na'ura aka kawo ba. Hanyar koyarwa aka canza.

Yadda ake gane inda yaro ya tsaya

Gwajin ba shi da wuya, minti biyar ya isa. A zaunar da yaro shi kaɗai, ba a gaban ƴan'uwansa ba, ba kuma da bulala a hannu ba. A nuna masa takarda mai baƙaƙe goma. In ya karanta, a nuna masa kalmomi, kamar rago, tulu, gona. In ya wuce, a ba shi layi huɗu gajeru. In ya wuce, a ba shi ɗan labari, a tambaye shi abin da labarin ya ce. Inda ya tsaya, nan ne rukuninsa. Haka ma lissafi: sanin lamba, tarawa, ɗebewa, sannan rabawa.

Za a ga ɗan CM1 ya zauna tare da ɗan CE1 a rukunin kalmomi. Ba abin kunya ba ne, kuma kada a bar kowa ya yi masa dariya. Bayan kwana goma a sake gwaji. Wanda ya ci gaba ya matsa rukuni na gaba. Yaro in ya ga ya matsa, gobe shi zai riga kowa zuwa.

Gona fa?

Wani uba zai ce: "Maganar tana da daɗi, amma wa zai yi mini noma?" Yana da gaskiya. Damina ba ta jiran kowa, kuma ciyawa ba ta san bakansi ba. Ba wanda ya ce a ɗauke yaro daga gona lokacin shuka ko noman farko. Amma manomi ya fi kowa sanin cewa aikin damina ba ɗaya ba ne daga fari har ƙarshe. In an gama maimai, hatsi ya rufe ƙasa, aiki yakan yi sauƙi har zuwa girbi. A yawancin shekaru wannan yana faɗawa daga tsakiyar Agusta zuwa cikin Satumba. Nan ne wurin karatun hutu a ƙauye. Sati biyar ko shida.

Ba yini ake so ba. Awa ɗaya da rabi ta isa, kwana biyar a sati. Gari ya zaɓi lokacinsa: ko bayan azahar in an dawo daga gona an ci abinci, ko bayan la'asar. A zauna da malamin allo a daidaita, don kada a shiga lokacinsa. Yaro guda ne, ba a raba shi biyu ana ja. Masu kiwo su ne masu wuya, don dabba ba ta hutu. Gidaje biyu ko uku suna iya haɗa garke, yara su riƙa karɓa-karɓa.

Maganar ƴan mata sai an tsaya a kanta. Ɗa namiji in ya dawo daga gona ya aje hauya ya gama. Ɗiya mace in ta dawo, ga daka, ga ruwa, ga itace, ga goyon ƙane. Kuma a dogon hutun nan ne ake yanke shawarar da take raba yarinya da lakkwal: a tura ta talla, ko aikatau birni, ko a sa ranar aure. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta sa hannu a kan doka don kare karatun ƴan mata har su kai shekara 16. Amma doka tana Yamai, turmi yana tsakar gida. Uwa ce take iya cewa: "Aje taɓarya, je ki, in kin dawo kya ƙarasa." In ba a samu yardar iyaye mata ba, ajin hutu zai cika da maza kawai.

Wa zai koyar?

Mushe da yawa ba ƴan garin ba ne, in an yi hutu sukan tafi gida. Amma gari ba ya rasa masu karatu. Ƴan kuleji da ƴan lise suna dawowa hutu. Akwai wanda ya yi BEPC yana zaune. Akwai malamin ajin manya, wanda shi ma ajinsa yake rufe da damina. Akwai kuma waɗanda suka ci jarrabawar yaƙi da jahilci, masu karanta jaridar nan.

Kada ɗayansu ya ce: "Ai ban iya Faransanci ba." Rukunin baƙaƙe da na kalmomi da Hausa ya fi kyau a fara su. Yawancin baƙaƙen iri ɗaya ne. Yaron da ya gane cewa "k" da "a" suna ba da "ka", ya karanta "kaza" ya ga kazar a zuciyarsa, ya riga ya kama asirin karatu. Sau ɗaya ake kama shi. In ya koma Faransanci, sabon harshe zai koya da wasu ƙa'idojin rubutu, ba sabon karatu ba. Nijar ta daɗe da gwada wannan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin Faransanci.

Lissafi ma yana cikin gida. A kasuwa ana ƙirga kuɗi da dala, a lakkwal ana ƙirga su da faran. Yarinya mai tallar ƙosai ta san dala ashirin sarai, ba a cutarta ko da dala ɗaya. A rubuta mata 100 F a allo, sai ta rikice. A nuna mata dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin faran 100, jika ɗaya faran 1000. Ta koyi ninkawa da biyar ke nan, da abin da ta riga ta sani. Haka za a yi da tiya da buhu, da damin hatsi da rumbu, da tsakuwa da karan dawa. A bar su su yi tatsuniya, ɗaya ya faɗa, sauran su rubuta layi biyu daga ciki. A bar su su auna filin makaranta da taki, su zana taswirar gari a ƙasa, da masallaci da rijiya da kasuwa. Hutu ne, in babu daɗi ba za su zo ba.

Waɗanda suka gama CM2 za su shiga siziyam suna son kulawa dabam. Firamare shekara shida ce, malami ɗaya yana riƙe da aji, ya san kowa da sunan ubansa. Kuleji shekara huɗu ce, kowane darasi da malaminsa, ga Ingilishi, ga rubutu da sauri, sau da yawa kuma a wani gari, a gidan mutane. A shekarar farkon nan yara da yawa suke faɗuwa su dawo gida. Babban abin da ɗan kuleji zai yi ma ƙanensa shi ne ya sa shi karatu da ƙarfi kullum, shafi ɗaya, sannan ya rufe littafin ya faɗi abin da ya gane da Hausa. Shi ma mai koyarwar yana ƙaruwa, don wanda ya bayyana rabawa sau goma ba ya mance ta.

Wuri da kuɗi

Wannan aikin kwamitin makaranta ne. A jihar Tawa, tun 2004, shirin Makaranta Don Kowa, da taimakon ƙasar Japan, ya nuna cewa kwamitin da jama'a suka zaɓa da kansu yana iya tara gari a kan aiki. Daga baya garuruwa da dama sun shirya ma yaransu ƙarin awoyi na lissafi bayan tashi daga aji. Abin da aka iya yi da rani, ana iya yin sa da damina.

In makaranta tana da aji ɗaya na siminti, a roƙi dirakta ya bar makulli hannun shugaban kwamiti kafin ya tafi, tare da alli da ƴan littattafan karatu, a rubuta yawansu. In babu, zauren mai gari ko ɗakin ajin manya ya isa. Kada a tara yara ƙarƙashin itace in hadari ya taso, a sallame su. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuma, asibiti za a kai shi ran nan, don lokacin zazzaɓin sauro ne.

Mai koyarwa ya cancanci goro. Gari ya yanke abin da zai iya, kuma a yarda a biya da hatsi bayan girbi, tun da a watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, aljihu ma haka. Sharaɗi ɗaya dai a faɗe shi a gaban kowa: ba a korar yaro don ubansa bai kawo ba.

A ajiye kaye guda. Kowane yaro da layinsa: sunansa, rukunin da ya fara, rukunin da ya kai. Ranar da aka buɗe makaranta, shugaban kwamiti ya miƙa ma dirakta makulli da littattafai da kayen nan, don kowane mushe ya san inda zai ɗora.