GANUWAR KWAMFUTOCIN SOJA: JAWABI GA 'YAN'UWA MAZAUNA KUDU



Maganarmu ta yau a kan lasin da gwamnati take saye ne domin tsaron kwamfutocin soja. Akwai wata manhaja da akan girka tsakanin kwamfutocin bariki da intanet, tana binciken duk saƙon da zai shiga ko zai fita, ta bar mai izini ya wuce, ta tare wanda ba shi da shi. Bari mu kira ta ganuwa.

To, jama'a, ita wannan ganuwa ba a sayenta a ajiye kamar bindiga. Haya ce. Masu ƙera ta, irin su Fortinet na Amurka da Check Point na Isra'ila, sukan ba da lasin na shekara ɗaya, ko uku, ko biyar, kuma da kuɗin waje ake biya. Ran da wa'adi ya cika ba a sabunta ba, na'urar tana nan fitilarta na ci, amma an daina aiko mata da labarin sababbin dabarun ɓarayi. Waɗanda suka taɓa aikin gadi a cikinmu sun sani, ɓarawo ba ya komawa ta inda aka toshe, sabuwar kafa yake nema. Har ita ganuwar takan yi ɓaraka. A watan Disamba na 2015 kamfanin Juniper ya bayyana cewa an cusa wa manhajarsa wata ɓoyayyiyar ƙofa, sai da ya aika wa masu amfani da ita gyara.

A nan gida, rundunar sojan ƙasa ta kafa sashen yaƙi ta kwamfuta a 2018, abin a yaba. Amma fa lokacin da aka kafa dokar sayen kayan gwamnati a 2007, ba ta hau kan kayan tsaro ba, sai in Shugaban Ƙasa ya yarda. Ba mu kuwa manta da zargin da ya taso a 2015 a kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai ba. Idan kuɗin tankar yaƙi, wadda ido yake gani, yana iya shiga rigima, ina ga lasin, wanda takarda ce da 'yan lambobi?

Ba mu ce a tona asirin soja a kasuwa ba. Kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya dai su riƙa ganin takardun: wa aka biya, kamfani ko dillali, nawa ne, yaushe wa'adi zai cika. Idan wakilanku sun zo Agege ko Sabon Ibadan neman ƙuri'a, ku yi musu wannan tambaya.